Malt na Gida a Makka da Jidda: A Jiƙa Tsiro Ko A Sayi Maɗi?

Lokacin da ƙanwata ta tare a Jidda, cikin 'yan kayan da na cusa mata a akwati har da wata takarda da na kwafa da hannuna. Haɗin lemon malt ne da Kawu ya rubuta mana shekarun baya, wani zuwa da ya yi Umra ya tarar muna ta kewar na gida. Kawu ya daɗe yana aiki a wata masana'antar malt a Kaduna, shi ya sa in ya fara magana a kan hatsi sai ka ce malami a gaban almajirai. Ba ta yi wata biyu da tarewa ba ta kira ni. "Yaya," in ji ta, "wannan haɗin na Kawu ba na mai zaman bene ba ne. Kicin ɗina ko sallaya ba za ta shimfiɗu ba, ina zan shanya sha'ir? Na ga ana sayar da maɗinsa a kwalba. In na saya, nawa zan zuba a madadin hatsin?"

Na yi shekaru ina haɗa shi ta hanyoyin biyu a nan Makka, kuma ba ita kaɗai ta taɓa yi mini wannan tambaya ba. Abin sha na sha'ir ba ya wuya a ƙasar nan. Kowace baƙala, wato ƙaramin kantin unguwa, ka shiga za ka ga Barbican da Moussy jere a firij, na tuffa, na rumman, na lemon tsami. Sai dai wanda ya tashi yana shan Maltina a gidan suna da walima ya san akwai bambanci. Na nan ruwa-ruwa ne, mai iska, ƙamshin 'ya'yan itace ne a gaba. Namu baƙi ne mai kauri, in ka sha kofi ɗaya bayan buɗa-baki ka san ka sa wani abu a ciki. Wannan kaurin da wannan ƙamshin na gasasshen hatsi muke nema.

Kafin in shiga lissafi, akwai maganar da dole a fara da ita. Abin da muke yi ruwan tsiro ne da aka tafasa aka sanyaya, ba a sa masa yis, ba a bar shi ya tashi. Lissafin musanya hatsi da maɗi kuwa, masu dafa giyar laga a gidajensu a Turai da Amurka ne suka fi kowa tace shi, don su ma da ruwan tsiro suke farawa. Daga bakin tukunya hanyarmu da tasu ke rabuwa. Su sukan zuba yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, mu kuwa sukarin nan shi ne abin shanmu, kuma duk dabararmu ta hana shi juyawa ce. Dokar ƙasar nan ta haramta barasa tun 1952, zamanin Sarki Abdul'aziz, mu kuma tun kafin doka addini ya riga ya raba mu da ita. Na ɗauki awonsu kamar yadda ake ɗaukar sikeli a hannun kowane ɗan kasuwa.

Ga abin da Kawu ya rubuta, na lita 10: farin tsiron sha'ir kilo 1.8, tsiron karamel (wanda aka gasa da danshinsa har ya yi ja) giram 300, gasasshen sha'ir baƙi giram 50. A ɓarza su, kada a niƙe su su zama gari, domin ɓawon shi ne zai zama rariya lokacin tata. A zuba cikin ruwa lita 6 mai zafin digiri 73 a ma'aunin Salshiyas, in an juya zai sauko wajen 66 ko 67. A juye a kula a rufe, awa ɗaya. A tace, a ɗauraye dusar da wani ruwan lita 7 zuwa 8 mai zafin digiri 76, a haɗa a tafasa awa ɗaya tukunya a buɗe. Citta da hel, wato kadamom, nawa ne, ni na ƙara, Kawu bai rubuta su ba.

Duk wadda ta taɓa tsayawa kusa da mai kunun zaƙi ta riga ta san sirrin awa ɗayan nan ta cikin kula. Goggo takan raba gasara biyu, ta sheƙa wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen kashin da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali. Kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi ya fito, alhali ko ƙwayar sukari ba ta sa ba. Abin da ke cikin tsiron ne ya sassare sitaci ya mayar da shi sukari. A 1833 wasu masana biyu a Faransa, Payen da Persoz, suka ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir suka sa masa suna diyastes, amma iyayenmu da hannu suka san shi. A gaskiya ma'aikata biyu ne a ciki. Ɗaya ya fi kuzari tsakanin digiri 60 da 65, shi ke fitar da sukarin maltos, ruwan ya yi zaƙi amma ba kauri sosai. Ɗayan ya fi son 68 zuwa 72, yana barin manyan gutsattsarin sitaci da ba su da zaƙi sosai amma suna cika baki. In zafi ya haura 78 duka biyun sun mutu. Wato da ma'aunin zafi a hannunki, ke ce mai yanke hukunci: yau mai zaƙi nake so, gobe mai kauri. Wannan ita ce babbar falalar hanyar hatsi, kuma babu kwalbar da za ta ba ki ita.

Amma kafin a kai ga kula, sai an samu tsiron, kuma a nan ne zaman ƙasar nan ke nuna kansa. Gyararren tsiro irin na masana'anta ba abin da za ki tarar a kowane kanti ba ne. Yawanci sai dai ki tsirar da kanki. Sha'ir ɗin miya da aka surfe ba ya tsira, an riga an cire masa rai. Sai mai ɓawonsa, irin na shagon masu kayan ƙamshi da magungunan gargajiya. Akwai kuma na dabbobi, wanda ƙasar nan ta daɗe tana cikin manyan masu shigo da shi a duniya saboda raƙuma da tumaki, amma ba don cikin mutum aka adana shi ba, ni ba na amfani da shi. Wanda aka tanada don shuka kuwa, wanda aka shafe da maganin ƙwari, ko kusa da tukunya kada ya zo.

In an samu mai kyau, jiƙo kwana biyu ana sauya ruwa ana barin shi ya sha iska, sannan tsira kwana huɗu zuwa biyar ana juyawa safe da yamma. Matsalar ita ce sha'ir ɗan ƙasar sanyi ne, ya fi son digiri 14 zuwa 18 lokacin tsira. A Makka, inda rani ke wuce digiri 40, in ba ɗaki mai na'urar sanyi da ke aiki dare da rana ba, kafin ya tsira ya yi fumfuna. Na taɓa zubar da kilo huɗu cur a watan Yuni, na buɗe buhun da safe na tarar ya yi fari-fari yana wari, kuma hatsin da ya yi fumfuna ba a wanke shi a ci. Tun daga nan na daina tsirar da sha'ir sai tsakanin Disamba da Janairu. Bayan tsira akwai shanya, a hankali, zafi ƙasa da digiri 50 har ya bushe, don in aka gaggauta shi da wuta yana da danshi an kashe ma'aikatan nan biyu. Sannan a murje saiwoyin a sheƙe. Sati ɗaya da 'yan kwanaki ke nan kafin a ɗora ruwa, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin hatsin ya tafi.

Dawa ta fi jure zafinmu, tana tsira lafiya a digiri 25 zuwa 30. Maƙwabtanmu 'yan Sudan da tsiron dawa suke yin hilu-mur, abin shansu na azumi, kuma a Nijeriya ma da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 masana'antu dawa da masara suka koma wa. Sai dai sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai inda ma'aikatan ke fara galabaita, shi ya sa Goggo ke raba gasararta biyu. Kuma dole a kakkaɓe tsiron da saiwar tas, domin suna ɗauke da wani abu mai guba. Wannan wani darasi ne na daban.

Shi kuwa maɗin da ƙanwata ta gani, ba wani baƙon abu ba ne. Duk aikin nan da na lissafa, masana'anta ta yi shi: ta tsirar, ta ɓarza, ta jiƙa a ruwan ɗumi, ta tace. Sannan ta janye ruwan a cikin manyan tukwane da aka zuƙe musu iska, inda ruwa ke ƙafewa ba tare da ya kai zafin tafasa ba, har ya yi kauri kamar maɗin ɗinya. In aka fesa wannan maɗin cikin iska mai zafi sai ya bushe ya zama gari. Iri biyu ke nan, na ruwa da na gari. Shi ne tushen Ovaltine da aka fara yi a birnin Bern na Suwizalan a 1904, shi ne kuma ƙamshin da ke cikin Horlicks da Milo, ko da yake waɗannan an haɗa su da madara da wasu abubuwa, ba za su zauna a gurbinsa ba. A nan in za ki tambaya, ki ce mustakhlas ash-sha'ir, a shagunan kayan burodi da kek ko na abincin masu kula da lafiya.

To, nawa za a zuba? Kilo ɗaya na gyararren farin tsiro yana ɗauke da kusan giram 800 na abin da zai iya narkewa a ruwa. Babu mai fitar da shi duka a gida. Mai hannu da kyau takan samu kashi uku cikin huɗu, wato giram 600, sauran ya tafi da dusa. Maɗin ruwa kashi ɗaya cikin biyar nasa ruwa ne, don haka sai giram 750 ne zai ba ki waccan 600. Gari kusan babu ruwa a cikinsa, giram 600 da ɗan ɗoriya ya isa. Saboda haka kowane kilo na farin tsiro, a ninka shi da 0.75 in maɗi ne, da 0.6 in gari ne. Kilo 1.8 na Kawu ya zama maɗi kilo 1.35, ko gari kusan kilo 1.1. In kuma maɗi aka rubuta miki gari kika samu, ninka da 0.8.

Akwai wani tarko a nan da ni ma na faɗa cikinsa. Wancan lissafin na tsiron masana'anta ne. Wanda muke tsirarwa a gida ba ya kai shi, wasu ƙwayoyin ba sa tsira, ɓarzar ma ba ta daidaita. In abin da kike fitarwa bai wuce kashi 60 cikin ɗari ba, to kilo ɗaya giram 480 yake ba ki, wato maɗi giram 600 ko gari giram 500. Ranar da na fara gwada gari na bi lissafin littafi, yara suka ce ya yi musu nauyi, ba irin wanda suka saba ba, ashe duk shekarun nan nawa ya fi na Kawu sauƙi ban sani ba. Abin da ya raba gardama shi ne 'yar na'urar auna zaƙi, irin ta masu lemo, wadda ake ɗiga mata ɗigo ɗaya a duba ta haske. Haɗin Kawu in ya fita daidai yana nuna 12 a ma'aunin Briks, kusan giram 125 a kowace lita. Nawa 10 yake nunawa. Ki auna wanda bakinki ya saba da shi tukuna, sannan ki zuba gari har ki kai lambar. Kuma da sikeli, ba da kofi ba. Maɗi yana manne wa kofi, gari kuma yana dunƙulewa, awon ido ba ya gaskiya a kansu.

Farin tsiro kaɗai ake musanyawa. Karamel da gasasshen sha'ir suna nan yadda suke, giram 300 da giram 50, kuma sa'ar da aka yi ita ce ba sa bukatar awa ɗaya a kula. Shi karamel an riga an mayar da sitacinsa sukari tun yana cikin ɓawonsa, gasasshen kuma launi da ƙamshi kawai ake nema a wurinsa. Sai a ɓarza su a ƙulle a farin ƙyalle mai tsabta, a tsoma a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 70 na minti 30, kamar ganyen shayi, a cire. Kada a bari ruwan ya tafasa da su a ciki, ɓawon zai saki bauri irin na goron da bai nuna ba. Ana iya yin karamel a gida: a jiƙa tsiro ya sha ruwa, a rufe shi a faranti a murhun gashi a kan digiri 65 zuwa 70 kamar awa biyu, sannan a buɗe a ɗaga wutar zuwa 120 ko sama har ya bushe ya yi ja. Baƙin kuwa ɗanyen sha'ir ne a kasko, ana juyawa har ya yi kalar gahawa. In aka bar su sati biyu a jakar takarda kafin a yi amfani da su, ƙaurin wuta yakan kwanta.

Wanda ba ya shiga wannan sauƙin shi ne ɗanyen hatsi. In haɗinki yana da dawa ko alkama ko gero don ɗanɗanon gida, tsoma su kamar shayi ba zai yi ba, sitacinsu zai fito ɗanye ruwan ya yi gurɓi kamar kunu. Maɗi kuma bai da ƙarfin narkar da shi, yawancinsa an kashe masa ma'aikata a masana'anta. Sai dai a yi rabi da rabi: a dafa ɗanyen hatsin ya huce, a haɗa shi da farin tsiro daidai nauyinsa a ƙaramar kula a digiri 66 na awa ɗaya, a tace, sannan a cike sauran zaƙin da gari. In kina shakkar ko sitacin ya ƙare, ɗebi cokali ɗaya a farin faranti ki ɗiga masa aidin. In ya koma shuɗi mai duhu da saura. Wanda aka ɗiga wa aidin a zubar, ba ya komawa tukunya.

Tsakanin maɗi da gari, ni gari na zaɓa, kuma yanayin ƙasar nan ne ya sa. Maɗin ruwa yana ci gaba da duhu yana tsufa a cikin kwalbarsa, zafi kuma yana gaggauta hakan. Wanda ya ratso teku ya zauna a sito da rani yakan zo da wani ɗanɗano kamar na tsohon gwangwani. In sabo ne ƙamshinsa ya fi na gari, ban musa ba, amma sai ki duba kwanan watan da aka yi shi, in an buɗe kuma sai firij, don samansa yana fumfuna. Gari ya fi daɗewa, launinsa ba ya gudu. Abokin gabarsa ɗaya ne, danshi. A Makka da sauƙi. A Jidda kuwa, inda iskar teku ke jiƙa har tufafin cikin durowa, in kika bar bakin leda a buɗe rabin awa sai ki dawo ki tarar ya zama dutse. Na gaya wa ƙanwata ta raba shi a ƙananan kwalabe masu murfin roba tun ranar da ta saya, kuma kada ta zazzaga shi daga leda kai tsaye a kan tukunya mai tururi.

A kasuwa a buɗe ido. Akwai abin da masu burodi ke kira garin malt wanda tsiro ne kawai aka niƙa, ba maɗi ba ne da aka busar. Na taɓa sayen sa a wani shago bisa kuskure, na zuba a ruwa ya kwanta a ƙasa kamar ƙullu. Na gaske yana narkewa tas kamar sukari. Akwai kuma kwalaben da aka rubuta malt da manyan baƙaƙe, in ka juya bayansu sai ka ga rabinsa ruwan sukarin masara ne. Araha ba ta ado. A nemi wanda sha'ir kaɗai aka rubuta a jerin kayan cikinsa, fari mara ƙari, don launi da ƙamshi ke za ki sa da hannunki.

Wurin dafawa, bambancin kamar tafiyar ƙafa ne da ta mota. Hanyar hatsi takan ci awa huɗu zuwa biyar, ban da wanke-wanke. Dole a tafasa awa ɗaya tukunya a buɗe, domin farin tsiro yana da wani wari kamar na dafaffiyar masara wanda sai tururi ya tafi da shi. Awa ɗaya ana tafasa lita 12 a ƙaramin kicin a watan Agusta, wanda ya sani ya sani. Maɗi an riga an kore masa wannan warin, minti 10 zuwa 15 ya isa. Abu biyu za a kiyaye. A sauke tukunya daga wuta kafin a zuba, a juya har ya narke, in ba haka ba maɗin ya nutse ya kama gindin tukunya, ƙaurin kuma ba ya fita. Sannan a tsaya a kai lokacin da zai fara tafasa, kumfarsa tana tasowa kamar ta madara. Ruwan ma a rage: maɗi kilo 1.35 da kansa yana cin wurin kusan lita ɗaya, babu kuma dusar da za ta shanye lita biyu. Ruwan kwalba ya fi, na famfo ko na wayit, wato motar tankar ruwa, in yana warin kulorin yana fitowa a baki.

Maganar ɗanɗano fa? Zan faɗi gaskiyata. Wanda aka yi da sabon tsiro yana da wani ƙamshi na hatsi, kamar ka shiga ɗakin da aka gama sussuka, wanda gari ba ya kawowa. Kawu da kurɓa ɗaya yake ganewa. Amma abin da masu laga ke kuka da shi game da maɗi, wai yana sa ruwa ya yi duhu, yana barin zaƙi da ɗanɗanon alewa, mu shi muke bi da kuɗinmu. Su fari tas suke nema, irin wanda aka fara yi a garin Pilsen na ƙasar Cek a 1842, shi ya sa suke ta dabarun jinkirta zuba maɗi don kada ya yi ja. Mu baƙi muke so. Da zarar karamel da gasasshen sha'ir da citta sun shiga, a cikin baƙi goma da wuya biyu su bambance. Zaƙin maltos bai kai rabin na sukarin shayi ba, don haka ta kowace hanya kika bi, in yara ne masu sha za ki ga suna neman a ƙara cokali. Mai ciwon sukari ya yi hattara da shi, yana hawa jini da sauri, haka ma wanda alkama da sha'ir ba sa karɓar cikinsa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne ajiya. Ruwan tsiro abinci ne ga kowace ƙwayar halitta da ke yawo a iska. Ga sukari, ga shi ba tsami, ga zafin Makka. Masu subiya, abin shan nan da ake sayarwa a bakin titi da azumi, sun san wannan, shi ya sa ba sa raba ledojinsu da ƙanƙara. In ya kwana a waje zai fara tsami, ya yi kumfa, murfi ya kumbura, daga nan kuma ya fara zama abin da muka ce mun rabu da shi. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya saura a bayar a shanye ko a zubar. Ni kwana ukun nan na riƙe, a cikin firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, kuma ko kafin su cika in na ji ya canza, zubarwa nake yi. Kada kuma wata ta ce za ta ɗura shi da zafinsa a kwalba ta toshe ta ajiye a kanta kamar na kanti. Abin da ba shi da tsami sosai, wato lambarsa a ma'aunin tsami na pH ba ta sauka ƙasa da 4.6 ba, kamar wannan, ƙwayar cutar da ke shanye jiki tana iya girma a cikinsa in babu iska, kuma tafasar tukunya ba ta kashe ƙwanta, sai zafin digiri 121 na tukunyar matsi. Ko firij, ko firiza, babu ta uku.

To a nan ne hanyar hatsi ke cin mutum. Babu wadda za ta yi aikin awa biyar don lita ɗaya, dole ki yi goma. Gida mai mutum uku ba ya shanye lita 10 a kwana uku, firizar gidan haya kuma nama ya riga ya cika ta. Da gari kuwa, abin da za a sha yau shi za a dafa yau. Lita ɗaya: karamel giram 30 da gasasshe giram 5 a ƙyalle na minti 30, a cire, a zuba gari giram 110, a tafasa minti 10 da yankan citta da hel biyu, a tsoma tukunyar a kwano mai ƙanƙara ta huce da sauri, a sa a firij. Wadda ta ɗora bayan Azahar, kafin kiran Magariba ya yi sanyi. Mai son iska kuma ta dafa da rabin lita ya yi kauri, lokacin sha ta cike kofi da ruwan soda mai sanyi. Ta haka kawai ake sa masa iska a gidanmu. Dabarar toshe kwalba da yis don ta yi gas, barasa take haifarwa komai ƙanƙantarta.

Kuɗi kuma, kilo da kilo gari ya fi tsada nesa ba kusa ba. Amma kada a gwada su haka. A ninka farashin kilon gari da 0.5, tunda tsiron gida ne, a gwada da farashin sha'ir kilo ɗaya da kwata, sannan a ɗora gas na awa biyu, da wutar na'urar sanyi ta kwana biyar, da buhun da wataƙila zai yi fumfuna. Ga mai yi don sayarwa ko don walimar mutum hamsin, hatsi ne zai fitar da ita, musamman in tana da soro ko tsakar gida, da babbar kula, da masu taya ta tata, da mai kiwon da zai kwashe dusar kafin ta yi tsami, don ita ma ba ta wuce yini. Ga mai zaman bene da ke son kofi biyu bayan Tarawihi, gari da ɗan ƙullin karamel ya fi mata ta kowace fuska.

Ni har yanzu ina tsirarwa sau ɗaya a shekara, in sanyi ya shigo. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a lokacin nake gasa karamel da baƙin da za su kai mu har bayan azumi, in raba biyu, rabi ya bi duk wanda zai hau jirgin ƙasa na Haramain zuwa Jidda. Makon jiya ƙanwata ta sake kira. "Yaya, maigidan ya ce daɗi kam ya yi, amma launin bai kai na gida ba." Na ce ta ɗaga gasasshen daga giram 5 zuwa 8 a kowace lita, kada ta taɓa awon garin, kuma kada ta wuce 10, don daga nan ɗacin gahawa ne zai fara rufe zaƙin.